Babi na Tara: Ciwon Idon da Aka Ce na Turawa Ne

Akwai wata makanta da ba ta yi kama da makanta ba. Mai ita yakan fita gida ba ɗan jagora ba sanda, ya bi lungu, ya tsallake kwata, ya isa masallaci har ya gyara sahu. Amma ka tsaya gabansa ka yi shiru, ba zai san da wa yake tare ba, don daidai wurin da fuskarka take nan ne duhun ya zauna. Yana ganin gefen allo, rubutun ne ya ɓace masa. Yana ganin hannun mai miƙo masa canji, amma ɗari biyu ce ko ɗari biyar, sai ya tambaya. Irin wannan dattijo a Nguru ko Gashuwa ba kasafai ake kiransa makaho ba. An fi cewa tsufa ne, wani lokaci ma a yi masa mummunar fahimta, a ce ya daina amsa gaisuwar hannu, ko a ce yana gani sarai, son a yi masa hidima ne kawai. Abubuwa da dama kan jawo wannan hali, ciki har da ciwon suga da daɗewa ana shan kulorokwin ba bisa ƙa'ida ba, amma wanda ya fi shahara a duniya shi ne abin da likitocin ido ke kira lalacewar makula ta tsufa. A nan za mu riƙa ce mata lalacewar cibiyar gani.

Can bayan ƙwayar ido akwai wani siririn tantani da haske ke sauka a kansa, shi ke mai da hasken saƙo ya aika wa ƙwaƙwalwa. A tsakiyarsa akwai ɗan fili mai faɗin kimanin milimita 5 da rabi, bai kai ƙwayar wake ba, shi ne makula. Karatu, zura zare a allura, tsintar tsakuwa a shinkafa, gane fuskar jika, duk aikin wannan ɗan fili ne. Wuri ne mai cin abinci da iska sosai, don haka mai tara shara. A ƙarƙashinsa akwai jerin wasu ƙwayoyi da aikinsu ke nan, su ciyar da shi su kwashe sharar. Idan shekaru suka ja, sai sharar ta fara taruwa, ɗigo-ɗigo rawaya na maiƙo da furotin waɗanda ake kira durusan. Mutumin fadamar Haɗejiya da Nguru ba ya bukatar dogon bayani a kan abin da toshewa ke yi, domin ya ga yadda ciyawar kacalla ta cika hanyoyin ruwa, wani wuri ya ƙafe, wani wuri ruwa ya malale inda ba a son sa. Haka ciwon nan ya kasu. Akwai busasshe, inda ƙwayoyin gani ke mutuwa sannu a hankali cikin shekaru. Akwai kuma jiƙaƙƙe, inda wasu raunanan jijiyoyin jini ke tsirowa ƙarƙashin cibiyar suna yoyon ruwa da jini, kuma shi kan iya cinye tsakiyar ganin mutum cikin 'yan watanni.

A Turai da Amurka wannan ciwo yana sahun gaba cikin abubuwan da ke makantar da tsofaffi makantar da ba ta warkewa. A wajenmu kuwa, abin da ɗalibin likita ya saba ji shi ne ciwon Turawa ne, baƙar fata ya tsira. Maganar ba daga iska aka ɗauko ta ba. Tsakanin 1985 da 1988 an duba idon mutum fiye da 5,000 masu shekara 40 zuwa sama a birnin Baltimo na Amurka, farare da baƙaƙe masu zama a yanki ɗaya. Cikin fararen da suka makance, lalacewar cibiyar gani ce ta fi kowane dalili yawa. Cikin baƙaƙen kuwa ba a sami wanda ita ta makantar ba. Su yanar ido da hawan jinin ido ne suka addabe su. Wani binciken da aka wallafa a 2006, wanda ya haɗa al'ummu huɗu na Amurka, ya sami alamun ciwon a kashi 5.4 cikin 100 na farare, 4.6 na 'yan asalin Sin, 4.2 na 'yan asalin Latin Amurka, sai 2.4 na baƙaƙe. A tsibirin Barbados, inda galibin jama'a jikokin 'yan Afirka ne, nau'in mai tsanani ya yi ƙaranci ƙwarai. Da aka tattara binciken duniya a 2014, an ƙiyasta ciwon a kashi 12.3 na masu asalin Turai da kashi 7.5 na masu asalin Afirka. Bambancin dai gaskiya ne, kuma wanda ya musanta shi ya musanta ƙidaya. Abin da nake ja da shi shi ne tsallen da ake yi daga nan zuwa cewa jinin baƙar fata garkuwa ce, saboda haka dattijon Gashuwa ba ya cikin lissafi.

Cewa gado na da hannu, wannan ba a jayayya. Wani nazari a kan tagwaye a Amurka a 2005 ya nuna gado na ɗauke da kashi 46 zuwa 71 na bambancin da ake gani tsakanin mutane a wannan ciwo. A shekarar ne kuma aka kama babban wanda ake tuhuma. Masu bincike a jami'ar Yale, ƙarƙashin Josephine Hoh, sun gwada DNA na majinyata 96 da masu lafiya 50 kacal, sai alama ta nuna musu wani wuri a kan kuromozom na 1, inda ƙwayar gadon da ake kira CFH take; wasu rukunai biyu suka iso wuri ɗaya a daidai lokacin. Aikin wannan ƙwaya shi ne haɗa wani furotin mai suna Fakta H. A cikin jini akwai wata runduna ta garkuwar jiki mai saurin kai farmaki ga duk abin da ta ɗauka baƙo ne, kuma Fakta H shi ne linzaminta, shi ke hana ta afka wa naman jikin mai ita. Wasu mutane sun gaji Fakta H da aka sauya masa harafi ɗaya, sauyin da ake kira Y402H, linzamin ya ɗan yi sako-sako a bayan ido, ƙananan kumburi su yi ta ci shekara da shekaru. Bature mai kwafi ɗaya na wannan sauyi haɗarinsa ya ninka kamar sau biyu da rabi, mai kwafi biyu kuwa kamar sau shida. Ba a daɗe ba aka gano wuri na biyu mai ƙarfi a kuromozom na 10, wajen ƙwayoyin ARMS2 da HTRA1. Zuwa 2016 wata gamayyar masana ta duniya ta gwada majinyata fiye da 16,000 da masu lafiya kusan 18,000, ta lissafa sauye-sauye 52 a wurare 34. Kusan dukkan waɗanda aka gwada ɗin masu asalin Turai ne, kuma wannan ɗan bayani da ake wucewa da sauri shi ne ginshiƙin babin nan.

Da a ce lissafin mai sauƙi ne, da sai a tarar baƙar fata ba su da sauyin Y402H, shi ya sa suka tsira. To, ba haka aka tarar ba. A 2006 an ƙirga yawan sauyin a al'ummu biyar: kashi 34 a farare, kashi 35 a baƙaƙen Amurka, kashi 34 a Somaliyawa, kashi 17 a 'yan Latin Amurka, kashi 7 kacal a Japanawa. Wato baƙi da fari kunnen doki suke a wajen ɗaukar sauyin, amma ciwon ya fi kama ɗaya. Japanawa kuma da kusan ba su da shi, ciwon bai bar su ba. A gabashin Asiya sauyin kuromozom na 10 ne ya fi yawa. Wani babban bincike a kan tsofaffin sojojin Amurka da aka wallafa a 2024 ya ƙara tabbatar da cewa waɗannan wurare biyu, da suke da nauyi ƙwarai a jikin Bature, ƙarfinsu ya ragu sosai a jikin mai asalin Afirka. Me ya rage shi? Akwai zato iri-iri. Kusa da CFH akwai wasu ƙwayoyi biyu, CFHR3 da CFHR1, waɗanda wasu mutane ake haifa babu su ɗungurungum, rashin nasu kuma yana rage haɗarin ciwon. Wannan giɓi ya fi yawa a Afirka ta Yamma fiye da Turai, a gabashin Asiya kuwa da wuya a gan shi. Wasu kuma suna ganin yawan baƙin launi a bayan ido yana tare ɓarnar haske. Kowanne yana da ƙamshin gaskiya, amma ba wanda ya rufe maganar shi kaɗai. An ga irin wannan a wani fagen: nau'in ƙwayar APOE da ke ƙara wa Bature haɗarin cutar mantuwa ta Alzheimer, da aka bibiyi tsofaffin Yarabawa a Ibadan sai aka ga tasirinsa ya yi rauni, kuma abin mamaki, shi wannan nau'in yana ɗan rage haɗarin lalacewar cibiyar gani. Ƙwayar gado ba ita kaɗai take magana ba, maƙwabtanta a kan kuromozom, da abincin mai ita, da iskar da yake shaƙa, duk suna sa baki.

A nan ya kamata mai karatu ya raba wannan ciwo da sikila a ransa. Mun saba da gwajin jini kafin aure, har jihar Kano ta mai da shi doka a 2024, kuma mun san lissafinsa: AS ya auri AS, kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo da SS. Ƙwaya ɗaya ce, hukuncinta a fili yake. Lalacewar cibiyar gani ba ta bin wannan tsari. Mutane da yawa masu kwafi biyu na Y402H sun tsufa sun mutu suna karatu da idonsu, wasu da ba su da ko ɗaya kuma sun kamu. Shi ya sa ƙungiyar likitocin ido ta Amurka ta ba da shawara tun 2012 cewa kada a riƙa yi wa jama'a gwajin gado na wannan ciwo haka kawai, tunda sakamakon ba ya sauya maganin da za a ba mutum. Duk da haka kamfanoni irin su 23andMe suna sayar da gwajin yawu mai duba sauye-sauyen nan biyu. Ɗan Nguru da ke zaune a Landan ko Dubai yana iya saye ya ce zai san makomar idon gidansu. Idan ma'aunin bai wadatar ga Baturen da aka ƙera shi a kansa ba, ina ga wanda ba a taɓa auna kakanninsa da shi ba? Kuɗin gara ya kashe su a kai mahaifinsa wurin mai duba bayan ido.

Sai kuma kalmar nan “baƙar fata” da ake jingina komai a kanta. Baƙaƙen Baltimo da na Barbados galibinsu jikokin mutanen da aka kwasa ne daga gaɓar teku da dazuzzukan da ke bayanta, tun daga Senegal har Angola. Hausawa da Barebari sun shiga cikin wannan musiba, musamman waɗanda aka kai Bahiya ta Brazil, amma ba su ne masu yawa ba. Ban da haka, kusan kashi ɗaya cikin biyar na gadon baƙin Amurka daga Turai ya fito. Manyan rumbunan DNA na duniya da ake kwatanta kowa da su, wakilan Najeriya a cikinsu Yarabawan Ibadan ne da mutanen Esan na jihar Edo. Yanzu a dubi arewacin Yobe. Badawan Gashuwa harshensu ɗan gidan harsunan Cadi ne, dangin Ngizim da Hausa. Mangawan Nguru reshen Barebari ne, harshensu daga wani gida dabam na Sahara. Fulanin da ke kiwo a fadama gidansu na uku ne, kuma an tabbatar suna ɗauke da wani kaso na gado mai alaƙa da Arewacin Afirka, da juriyar shan madara har girma, da wata juriya ga zazzaɓin cizon sauro da aka auna a Burkina Faso ta fi ta maƙwabtansu. Binciken Sarah Tishkoff na 2009 a kan al'ummun Afirka 121 ya nuna bambancin gado a cikin Afirka ya fi na kowace nahiya, kuma mutanen yankin Tafkin Cadi ba su faɗa rukuni ɗaya da na gaɓar teku ba. A 2020 shirin H3Africa ya karanta DNA na mutum 426 kacal daga ƙabilu 50, ya tsinci sauye-sauye fiye da miliyan 3 da kimiyya ba ta taɓa rubutawa ba. Kama da wane ba ta wane ba ce. Launin fata ɗaya bai sa abin da aka auna a Baltimo ya zama hukunci a kan Gashuwa ba.

Kada kuma a juya maganar a ce to sai a auna kowace ƙabila dabam a ba ta lambarta. Tun da jirgin ƙasa ya iso Nguru daga Kano wajen 1930, garin ya zama matattarar fataken gyaɗa da ƙaro da fata daga ko'ina, kuma tun kafin jirgi ma auratayya tsakanin Manga da Bade da Hausa da Fulani ba baƙon abu ba ce. Mutum nawa ne ke amsa sunan Bahaushe a yau alhali kakarsa Babadiya ce, kakansa Bamange? Ƙabila a wajenmu harshe ce da tashi da zama, jini kuwa ya daɗe da gauraya. Tambayar da ta fi amfani ga likita ita ce ko akwai wanda tsakiyar ganinsa ta mutu da tsufa a cikin iyaye da 'yan'uwan majinyaci, domin wannan yana ninka haɗari ko da wane harshe ake yi a gidan.

Akwai kuma matsalar ƙirga. Babban binciken makanta na ƙasa da aka yi daga 2005 zuwa 2007 ya duba mutum 13,599 masu shekara 40 zuwa sama. Ya sami makanta a kashi 4.2, kuma shiyyar Arewa maso Gabas, inda Yobe take, ita ce kan gaba da kashi 6.1, yayin da Kudu maso Yamma ke da 2.8. Yanar ido ce ta jawo kashi 43 na makantar, hawan jinin ido kashi 16.7, lalacewar cibiyar gani kuwa ɗan ƙaramin kaso. Sai dai a san yadda ake irin wannan lissafi. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce idan ido ɗaya na da ciwo biyu, a rubuta wanda ya fi sauƙin magani ko rigakafi. Dattijuwar da ke da yana da lalacewar cibiya a tare, yana za a rubuta mata. In yanar ta yi kauri ma, likita ba ya iya hango bayan idon balle ya san abin da ke can. Ga kuma shekaru: nau'in mai tsanani ya fi kama waɗanda suka haura 75, alhali a Najeriya masu shekara 65 zuwa sama kimanin kashi 3 ne na jama'a. Ciwon da ke jiran mutum a shekara 80 ba zai yi yawa ba a inda mutane da dama ba sa kaiwa can. Da aka yi aikin da kyamara a Nakuru ta Kenya a 2007 da 2008, aka ɗauki hoton bayan idon masu shekara 50 zuwa sama, sai ga alamun farko a kashi 11.2, nau'in mai tsanani a kashi 1.2, kuma kusan ɗaya cikin makafi goma ciwon nan ne ya makantar da shi. Waɗannan 'yan Afirka ne a ƙasar Afirka. Gani ya kori ji.

Ciwon ma yana iya zuwa da wata fuskar. Akwai wani nau'i na jiƙaƙƙen da jijiyoyin ƙarƙashin cibiya ke yin ƙulli-ƙulli kamar 'ya'yan inabi, su fashe su zubar da jini. Rahotannin farko a kansa a shekarun 1980 sun fi ambaton mata baƙaƙe, daga baya aka ga ya yi yawa a Japan da Sin, kuma sau da yawa yana zuwa ba tare da ɗigon durusan da aka koya wa likita ya nema ba. Wanda aka horar da hoton idon Bature kaɗai yana iya kallonsa ya kira shi da wani suna.

Mai hankali zai ce: jihar da yana da hawan jinin ido da amosanin ido suka cika, inda har yanzu ake zuwa wurin masu tura yana da tsinke, ina ita ina ciwon da ke kama mutum ɗaya cikin ɗari? Binciken ƙasa ɗin nan ya nuna kashi 84 na makantarmu abin kaucewa ne, kuma sama da kashi 40 na idanun da aka taɓa saboda yana ta hanyar gargajiya aka taɓa su, akasarinsu kuma ba su dawo da gani ba. Na yarda da wannan ƙorafi, kuma in kuɗi naira ɗaya ce, aikin yana za a ba. Amma ba asibitin makula ake nema a Nguru ba. Abin da ake nema shi ne a riƙa leƙa bayan ido. Kyamarar da za ta nuna durusan ita ce za ta nuna ɓarnar ciwon suga, da ramin da hawan jinin ido ke yi a jijiyar gani, da ɓarnar sikila a tantanin. Akwai ƙanana na hannu yanzu, ma'aikacin jinya na iya ɗaukar hoto a Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Nguru ko a asibitin Gashuwa, likita a Damaturu ko Maiduguri ko Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna ya duba ta intanet. Kuma duk lokacin da aka yi gangamin cire yana kyauta, akwai 'yan tsirarun da ake cire musu bandeji ba su ga abin da aka yi musu alkawari ba. Su ne ke komawa ƙauye su ce aikin asibiti ƙarya ne, su kashe wa mutum goma gwiwa. Da an duba bayan idonsu an gaya musu gaskiya tun farko, da aikin yanar kansa ya tsira da mutuncinsa.

Wani kuma zai ce mene ne amfanin sanin ciwon da talaka ba zai iya maganinsa ba. Gaskiya ne allurar ranibizumab da aka amince da ita a 2006, wadda ake yi a cikin ƙwayar ido don tsayar da yoyon jijiyoyi, ta kai kusan dala 2,000 kowace ɗaya a Amurka a lokacin, kuma maimaitawa ake yi. Amma wani gwaji da aka wallafa a 2011 ya nuna bevacizumab, wadda kason ido ɗaya bai wuce dala 50 a can a lokacin ba, tana aiki daidai da ita, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin magunguna na dole a 2013. Ga wanda ke zaune a Gashuwa, zuwa Kano wata-wata nauyi ne babba, ban raina shi ba. Sai dai ko wanda ba zai sami allura ba yana amfana da sani. Zai daina sayar da akuya yana sayen tozali da ɗigon ido na kasuwa. Ba zai miƙa idonsa ga mai tsinke ba. Za a gaya masa cewa wannan ciwo da wuya ya kai mutum ga duhu baki ɗaya, ganin gefe yana nan, zai ci gaba da kai kansa masallaci. Madubin ƙara girman rubutu da fitila mai haske suna iya dawo wa malami da karatunsa na wasu shekaru. Iyalinsa kuma za su daina zarginsa da abin da bai yi ba.

Ƙorafi na uku ya fi nauyi, shi ne tsoron a zo a ɗebi jinin mutane da sunan bincike. Arewa ba ta manta gwajin maganin Trovan a kan yaran Kano lokacin sanƙarau na 1996 ba, kuma kowa ya ga yadda rashin yarda ya tsayar da rigakafin shan-inna a 2003. Amma Gashuwa ta fi kowa sanin tsadar rashin bincike. Shekara da shekaru ciwon ƙoda yana ɗauke mutane a ƙasar Bade, ana tuhumar ruwa, ana tuhumar magungunan feshi da zafin rana da shan magani barkatai, ana kuma tuhumar gado, tunda an san tun 2010 cewa wasu sauye-sauye a ƙwayar APOL1, masu kare mutum daga wani nau'in ciwon barci, suna ƙara haɗarin ciwon ƙoda, kuma sun yi yawa a Afirka ta Yamma. Wani abin lura shi ne Fakta H ɗin nan na ido yana tsaron matatar ƙoda ma, har akwai wani ciwon ƙoda da ba kasafai ake samunsa ba wanda masu shi ke yin durusan a ido tun suna matasa. Ban ce wannan ne ke kashe mutanen Bade ba, ba ni da hujjar faɗin haka. Abin da nake nunawa shi ne ido da ƙoda ba su yi nisa da juna ba kamar yadda sassan asibiti suka raba su. Yau kuma akwai cibiyar bincike ta BioRTC a Jami'ar Jihar Yobe da ke Damaturu, wadda Dakta Mahmoud Bukar Maina, ɗan Nguru, ya jagoranci kafawa, ga Jami'ar Tarayya a Gashuwa tun 2013. Idan 'yan gida ne ke aikin, da yardar mutum a harshen da yake ji, da sanin masarautun Bade da Nguru, kuma aka dawo aka faɗa wa jama'a abin da aka gani, to ƙara hoton bayan ido a kan binciken ciwon ƙoda ba zai ci wani abin kirki ba, kuma shi ne zai ba da amsar da Baltimo ba za ta taɓa bayarwa ba.

Kafin nan, abin da ke hannun mutum ba ya jiran sakamakon DNA. Bayan shekaru, babu abin da aka tabbatar yana ƙara haɗarin ciwon nan kamar taba: mai shan sigari haɗarinsa ya ninka sau biyu zuwa uku, in kuma ya gaji sauyin CFH ko ARMS2, sai abin ya haɗu ya yi muni. Wanda ya daina, haɗarin yana sauka a hankali. Launin rawaya da ke kare cibiyar gani daga ganye jiki ke samunsa, irin su zogale da alayyahu da rama, kuma an lura masu yawan cin kifi ciwon bai cika kama su ba. Mutanen bakin kogin Yobe dai ba sa sayen wannan shawara da tsada. Ƙwayoyin bitamin na musamman da aka gwada a Amurka a 2001 da 2013 sun rage tsanantar ciwon da kamar kashi ɗaya cikin huɗu, amma ga wanda likita ya riga ya ga matsakaicin mataki a idonsa. Ba sa hana mai lafiya kamuwa, don haka kada mai kemis ya ruɗe ka da kwalba mai hoton ido.

Duk wanda ya haura 50, musamman in a gidansu an taɓa yin dattijon da ke tafiya da kansa amma ba ya gane fuska, ya riƙa yin wannan gwaji lokaci-lokaci: ya rufe ido ɗaya da tafin hannu, ya kalli dogaran ƙofa ko layin rubutu, sannan ya sauya ido. Dole a yi ɗaya-ɗaya, don mai lafiyar yakan rufa wa marar lafiyar asiri. In miƙaƙƙen layi ya lanƙwashe, ko wani ɓangarensa ya ɓace, a tafi asibiti cikin makon nan, a kuma roƙi a ɗiga maganin buɗe ƙwayar ido a duba bayansa.